DAGA YURO 150 ZUWA MILIYAN 4.2: WA AKA CUTA A CINIKIN NAN?

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Ina da wani ƙane, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, da ya kama wata sana'a wadda da farko muka riƙa yi masa dariya. Gwanjon intanet yake bi, musamman eBay, yana sayen tsofaffin kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, har da kan sarki na wasiƙa. Wani abokinsa da ke karatu a Ingila ne yake karɓa masa. Dabararsa ita ce sayen tari. Wani Bature zai tsinci gwangwanin kakansa cike da tsabar kuɗi, ya ɗauki hoto ɗaya ya sa a gwanjo, shi kuma ƙanen nawa ya taya. In ya ci, sai ya baje su ya tsince ɗaya bayan ɗaya, ya sayar da kowanne da nasa farashin. A bakinsa na fara jin cewa ba a wanke tsohon kuɗi, wanki karya masa daraja yake yi. A bakinsa kuma na ji cewa aninin farko da aka buga mana a 1907 na alminiyam ne, kuma akwai kwabonmu na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na 8, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar tun kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun mutane a Ingila.

Rannan bayan sallar isha'i ya same ni, ya zauna shiru, can ya ce, "Yaya, don Allah in tambaye ka. In na sayi abu da araha, ina sane ya ninka haka sau goma, mai shi kuma bai sani ba, na ci haƙƙinsa?"

Ban ba shi amsa a lokacin ba. Labari na ba shi, shi ne kuma zan ba ku.

A watan Satumba na 2021, wasu tsofaffi mata da miji a Faransa, dukansu sun haura 80, suka tashi kwashe shirgin wani gidansu da ke kudancin ƙasar. Suka kira wani mai sayen tsofaffin kaya, irin wanda yake bi gida-gida. Cikin shirgin akwai wata doguwar fuskar katako da aka shafe da farar ƙasa. Kakan mijin, René-Victor Fournier, gwamna ne a zamanin mulkin mallakar Faransa a Afirka, shi ya zo da ita wajen 1917. Suka sallama ta a Yuro 150.

Mutumin ya nuna wa gidajen gwanjo biyu. Ɗaya ya ce ba ta fi Yuro 120 ba, ɗayan ya ce ta kai 600 in an matsa. Wani da nan zai tsaya, ya ci 'yar ribarsa ya yi gaba. Shi bai tsaya ba. Aka kai ta gwajin kimiyya na gano shekarun itace, aka tabbatar ta ƙarni na 19 ce, masana suka ce fuskar Ngil ce ta ƙabilar Fang da ke Gabon, irin wadda 'yan wata ƙungiyar asiri suke sawa in za su yi hukunci a kan masu laifi, kuma waɗanda suka rage a duniya ba su wuce goma da 'yan kai ba. Wani gidan gwanjo a birnin Montpellier ya yi mata ƙiyasin Yuro 300,000 zuwa 400,000. Ranar gwanjo, a watan Maris na 2022, ta tashi a Yuro miliyan 4.2. Ku lissafa, ninki 28,000 ke nan.

Tsofaffin nan a jarida suka gani. A rashin sani kaza ta kwana kan dami, su kuwa shekara da shekaru suka yi a kai. Mutumin ya yi musu tayin Yuro 300,000, suka ƙi, suka tafi kotu suna neman a warware cinikin. A Disambar 2023 kotun garin Alès ta kori ƙararsu. Hujjarta biyu: ba su yi wani ƙoƙari na sanin darajar abin ba kafin su sayar, sakacinsu ne, sannan babu shaidar cewa mai sayen ya san darajarta ranar da ya saya, tunda shi ba masanin kayan Afirka ba ne.

Gaskiya na tausaya musu, don ni ma na taɓa zama su. Bayan rasuwar kakarmu, da muka zo gyaran ɗakinta, muka tara tasoshin tagulla da wasu mundaye masu nauyi da wani tsohon takobi da ya yi tsatsa, muka kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli. Da kilo muka sayar, wallahi. Sai bayan shekaru na ga irin mundayen nan a cikin gilashi a gidan tarihi, na tsaya kamar an dasa ni. Amma ko a ranar ban ce ɗan gwangwan ya cuce mu ba. Ƙarfe ya gani, kuɗin ƙarfe ya biya, mai yiwuwa ma narkarwa aka yi. Mu ne ba mu tambayi kowa ba.

To, abin da na fara gaya wa ƙanena ke nan. Sani ma jari ne. Wanda ya ɓata dare yana koyon bambancin anini da anini, ya biya kuɗin gwaji, ya ɗauki kasadar cewa gwangwanin da ya saya zai iya zama tarkace zalla, ba a ce masa ɓarawo don ya ci riba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Balle kuma gwanjo, inda kaya suke a fili, dubban mutane suna kallo, kowa yana da damar ƙarawa har lokaci ya cika. Ni ba malami ba ne, amma tun a makarantar zaure mun ji cewa cinikin "wa zai ƙara" halal ne a wajen mafi yawan malamai. Abin da aka hana shi ne tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su ji farashi, da kuma najashu, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya zuga wani. Ku duba hikimar hanin farko. Ba ribar aka hana ba, hana mai kaya isa kasuwa aka hana. Baturen da ya sa gwangwaninsa a eBay ya riga ya iso kasuwa. Tsohuwar da aka bi har ɗakinta a ƙauye aka ce mata "Iya, kawo wannan tsohon abin in rage miki shara", alhali an san abin da ake nema, ita ba ta iso ba. An tare ta.

Najashu kuwa intanet bai kashe shi ba, sabon gida ya ba shi. A shekarar 2000, shekara biyar kacal da kafa eBay, wani lauya a Kalifoniya mai suna Kenneth Walton ya sayi wani zane da 'yan daloli a shagon tarkace, ya rubuta haruffan sunan shahararren mai zane Richard Diebenkorn a gefe, ya sa a gwanjo. Bai ce na Diebenkorn ba ne. Sai ya yi kamar wani bawan Allah da bai san komai ba, wai a wani gida ya tsinta da araha, har yaronsa ya huda shi da keke. Shi da abokansa suka riƙa tayawa da sunaye daban-daban, har wani mutumin Holan ya kai tayin Dala 135,805. Asiri ya tonu, aka soke cinikin, daga baya Walton ya amsa laifinsa a kotu. Abin da ya fi ba ni dariya a labarin shi ne masu tayawar. Kowannensu yana ganin ya samu wawa zai yi masa wayo. Kwaɗayin cin jahilcin wani shi ne ƙugiyar da aka kama su da ita.

Da a nan maganar ta ƙare, da na sallami ƙanena da "je ka, Allah ya sa albarka". Amma a shari'ar fuskar katakon nan akwai mutum na uku, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Ranar gwanjon Montpellier wasu 'yan Gabon sun shiga zauren suna cewa kayan kakanninsu ne. An buga guduma duk da haka. Da aka zo kotu, gwamnatin Gabon ta nemi a dakatar da komai a duba yadda fuskar ta bar ƙasarta, kotu ta ƙi karɓar buƙatar. Ku duba hoton da kyau: jikan gwamnan mulkin mallaka yana kuka an cuce shi, mai sayen tarkace yana cewa guminsa ne, lauyoyi suna lissafin miliyoyi, su kuwa jikokin waɗanda suka sassaƙa abin suna bakin ƙofa. Turawan mulkin Faransa ne fa suka hana ƙungiyar Ngil aiki. Tambayar "ta yaya ta shiga akwatin gwamna?" ba ta samu kujera a zauren ba.

Gwanjo yana iya wanke farashi. Asalin kaya ne ba ya iya wankewa, ko hannu nawa suka bi.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne, mu a Najeriya mun fi kowa sani. A Fabrairun 1897 sojojin Ingila ƙarƙashin Harry Rawson suka ci Birnin Benin da yaƙi, suka ƙone shi, aka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada. Kowa ya san wannan ɓangaren. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya, wanda ciniki ne tsagwaronsa. Hafsoshi suka koma gida da rabonsu, da yawansu ba su san darajar abin da ke hannunsu ba, kuɗi kawai suke so. Sai dillalai suka fito. Fitacce a cikinsu shi ne William Downing Webster, wanda ya riƙa bin gidajen gwanjon Landan da gidajen sojoji yana saye, sannan ya buga littafin talla mai hotuna da lamba da farashi, yana aika wa gidajen tarihi da attajirai ta gidan waya. In ka cire waya da intanet, me ya raba shi da shagon eBay na yau? Daga hannun irinsu Felix von Luschan ya tara wa gidan tarihin Berlin ɗaruruwa. Webster bai harba bindiga ko ɗaya a Benin ba. Ya saya a fili, ya biya, ya sayar da riba, kowane ciniki da takardarsa. Hausawa dai suna da sunan da suke kiran mai irin wannan matsayi, ɓarawon zaune, kuma ba su taɓa cewa ya fi na tsaye tsarki ba.

Sai da aka shekara 125 kafin Jamus ta sa hannu, a Yulin 2022, cewa kayan Benin fiye da 1,000 da ke gidajen tarihinta mallakin Najeriya ne. Gidan tarihin Birtaniya kuwa, wanda ya hana mu aron fuskar Sarauniya Idia lokacin FESTAC a 1977, shi da kansa ya sayar da wasu allunan tagullar tsakanin 1950 da 1972, wasu ma Najeriya ya sayar wa. Kayanka, a sayar maka.

Kada wani ya ce ai wannan can kudu ne. Mu zo gida.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa wani jami'in Bature a Jos, Bernard Fagg, wani kan daga yankin Jama'a. Wani ma'aikacin haƙar ne ya tsince shi, ya kafa shi a kan mutum-mutumin korar dabbobi a gonarsa ta doya. Fagg ya ga kamanninsa da na Nok, daga nan aka gane cewa wata al'umma ce guda da ta rayu a tsakiyar ƙasar nan, tana gasa mutum-mutumin yumɓu tun shekaru fiye da 2,500 da suka wuce, tana kuma narka ƙarfe. Fagg ɗin ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Daga baya aka samu makamantansu a yankunan Sakkwato da Katsina, a Nijar kuma aka samu na Bura.

Da kasuwar Turai ta gane su, sai haƙa ta ɓarke, musamman a shekarun 1990. Manomi da rani ba shi da aiki, an ce masa akwai kuɗi a ƙarƙashin gonarsa, me kake so ya yi? Ya haƙa, ɗan kayi-nayi ya karɓa da kuɗin cefane, a bi da shi ta Kwatano ko Lome, ya ɓulla a Brussels ko Paris da sabon tarihi, wai daga tarin wani tsohon Bature ya fito. Dokar Najeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ba izini. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da Katsina da Bura a jan jerin kayan da ta ce kada kowa ya saya. A wannan shekarar dai Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihin Louvre, da kayan Nok a ciki, waɗanda Faransa ta saya a hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta surutu, sai a 2002 aka daidaita: Faransa ta amince na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25.

Asarar da ta fi ciwo ba ta kuɗi ba ce. Masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok daga 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, sun tarar mafi yawan wuraren da suka je an riga an farfasa su. Shi masanin tono ba kan kawai yake nema ba. Yana son ya ga a ina yake kwance, me ke gefensa, gawayi ne, tukunya ce, ƙwayar gero ce. Daga nan ake sanin shekarunsa da abin da mutanen suke ci da yadda suke binne mamatansu. Mai haƙar dare ya fizge kan ya watsar da sauran. Kamar a yage shafin tsakiya na littafin da kwafinsa ɗaya ne a duniya, a sayar, a ƙone ragowar. Ko an dawo da kan bayan shekara 50, abin da ke gefensa ya tafi ke nan.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba Turawa kaɗai ne a sarƙar nan ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 a kan kasuwar kayan sassaƙa ta Abidjan, kuma Hausawa suna cikin manyan 'yan kasuwar da ya zauna da su. Akwai ma wani fim na 1992 da ya bi wani Bahaushen Nijar, Gabai Baaré, daga ƙauyukan Kwaddibuwa har Amurka da kayansa. Da yawan abin da irin waɗannan fatake suke sayarwa sabon sassaƙa ne, sana'a ce kamar kowace, ba na zargin kowa a dunƙule. Abin da nake cewa shi ne mun daɗe a tsakiyar cinikin nan, mun san hanyoyinsa, ba za mu fake da rashin sani ba.

Yanzu waya ta rage tsawon sarƙar. Da sai kaya sun bi hannu biyar kafin su ga mai saye, yau hoto ɗaya ya isa. Shi kansa Facebook ɗin da kuke karanta wannan a kai, sai a Yunin 2020 ya hana cinikin kayan tarihi, bayan masu bincike sun nuna yadda ake tallar kayan da aka tono a Siriya da Masar da Libiya a cikin rukunoninsa, wani lokaci ma kayan suna cikin rami ana ɗaukar hotonsu don a nuna wa mai saye cewa na gaske ne.

Duk wannan zagayen da na yi wa ƙanena, yana ta gyaɗa kai, ashe akwai abin da bai faɗa ba. Sai da na kai nan ya ciro waya ya miƙo mini. Wani ne da suka haɗu a wani rukunin masu tara tsofaffin kuɗi ya turo masa hoto: kan yumɓu, idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya, an ɗora shi a kan buhun taki, da jar ƙasa a jikinsa. Ya ce daga wajen Kagarko aka samo. Farashin da aka faɗa masa bai kai kuɗin tsohon babur ba, shi kuma ya riga ya leƙa ya ga abin da irinsa yake tashi a waje.

Na ce masa, "Kai, tsabar kuɗinka daban, wannan daban. Kwabo miliyoyi aka buga, an kashe shi a kasuwa, ya shiga aljihun kowa, wanda ya sayar maka nasa ne, kuma a gaban jama'a ya sayar. Ci ribarka. Iyaka in za ka sayar ka faɗi aibinsa, kada kuma ka sa abokinka ya riƙa taya maka. Wannan kuwa, in na jabu ne, kuma jabun Nok sun cika kasuwa har ana haɗa tsofaffin ɓaraguzai da sabon yumɓu, to kai aka cuta. In na gaske ne, wanda ya haƙo ba shi da ikon sayarwa, kai ba ka da ikon saye, kuma kuɗinka ne zai sa gobe a koma ramin."

Ya ce, "To Yaya, in ban saya ba ai wani zai saya. Shi kuma mai gonar yunwa yake ji."

Wannan maganar ta tsaya mini, don rabinta gaskiya ce. Wani zai saya. Mai gonar kuma ba na jin akwai wanda zai biya shi ladan barin abin a ƙasa, kuma in ya kai wa hukuma, shi ya san irin zirga-zirgar da ke jiransa. Na dai ce masa Webster ma da an tambaye shi a 1898 abin da zai ce ke nan.

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Jiya na tambaye shi, ya ce bai ba mutumin amsa ba, hoton ma bai goge ba. Mutumin ya sake turo saƙo, wai akwai wasu guda biyu, in zai haɗa duka za a yi masa ragi.